Yadda Rantsuwar Haj Abbakar Ta Tsare Mu a Gadarif

Tun da na dawo daga Sudan ban huta ba. Duk wanda ya zauna a majalisarmu sai ya ce, "Muntari, yaya Gadarif ɗin nan take? An ce har bakin iyakar Habasha kuka nufa." Waɗanda suka san halina kuwa wani abu daban suke so su ji, wato ko na samo Basudaniyar da na yi ta cika baki zan auro. Na gaji da maimaitawa, ga shi duk wanda na fara ba shi labarin sai ya katse ni a tsakiya da dariya. Shi ya sa na rubuta, kowa ya karanta da kansa ya bar ni in sha shayina.

Kun san lokacin da na tafi karatu Khartum, rabin jakata littattafan soyayya ne na kasuwa, irin waɗanda muke haya muna ɓoyewa a cikin littafin lissafi. A cikinsu na koyi yadda tafiya take. Saurayi ya sauka a baƙon gari da yamma, iska tana kaɗawa, wata ta ɗaga labule, idanu su haɗu, shi ke nan. Da wannan ilimi na shiga mota.

Tafiyar ma ba tawa ba ce, ta abokin ɗakina ce, Samsuddin, ɗan ƙasar Filifin daga tsibirin kudancinsu inda Musulmi suke. Samsu muke ce masa. Gajere ne, mai yawan murmushi, yana karatun hulɗar ƙasa da ƙasa, ya kai matakin rubuta kundin digiri na biyu. A nan ya maƙale. Kullum sai ya ɗaga mini wani ƙaton littafi ya ce, "Duba, ɗan'uwa. Turai, Amurka, Rasha, sannan Turai kuma. Ƙasata sau ɗaya ta fito, wai wurin da jiragen ruwan Amurka suke hutawa. Kamar a rubuta tarihin Kano a ce tashar mota ce. Na zo nan ina zaton za a canza, sai Dakta, mai duba kundina, ya ce in rubuta a kan al'ummar Musulmi da ƙasashen Yamma. Na duba, nan ma ba mu ciki."

Abin da yake so ya rubuta daban ne. Mahaifiyarsa ta yi shekaru tana aikin gida a Jidda, da guminta aka yi masa makaranta. Shi a ganinsa jakadun ƙasarsu na gaskiya su ne irinta, masu aikatau da masu jinya da ma'aikatan jirgin ruwa, waɗanda suke tsallaka iyaka da ƙaramar jaka, suka san ƙasashe ta ƙofar baya. Ya ce a Filifin haka talaka yake ganin duniya, kuma wannan ma ilimi ne. Dakta ya ce wannan tatsuniyar gida ce, ba ilimi ba. Da Samsu ya yi ta zarya, sai ya sa masa sharaɗi. Ya je iyaka ta gaske, ya zauna da leburori masu tsallakowa, ya kawo maganarsu, ya nuna abin ba na Filifin kaɗai ba ne. In ya kasa, ya koma ya rubuta a kan manyan ƙasashe kamar kowa.

Lokacin kaka ne, 'yan Habasha suna kwararowa gonakin Fashaga da ke bakin iyaka yankan riɗi. Can Samsu ya nufa. Ni kuma ya ɗauke ni saboda an ce masa Gadarif cike take da Hausawa masu gonaki, kuma Larabcinsa na littafi ne, in ya yi magana a kasuwa sai a zaci huɗuba zai fara. Akwai wani dalili kuma da ya faɗa mini a hankali. Ƙasarsu duk tsibirai ce, tun da aka haife shi bai taɓa ganin iyakar da mutum yake takawa da ƙafa ba.

A shekarun nan na mulkin masu kishin Musulunci, baƙo ba ya fita Khartum ya nufi iyaka sai da tasrihi, takardar izini daga jami'an tsaro. Mun sha rana kafin ta fito. Da ta fito kuma sai muka ga wa'adinta gajere ne, ranar Alhamis take ƙarewa. Muka ce ba komai, ai Asabar za mu tashi.

Motar ta cika, mata gefe, maza gefe, direba ya saki kaset ɗin waƙoƙin yaƙi tun daga tasha. Duk shingen da muka isa, mu biyu ake saukewa. Soja ya dube ni ya kira ni da sunan da suke kiran mutanenmu na yammacin Afirka, ya ce, "Fallata." Ya dubi Samsu ya ce, "Sini," wato ɗan Sin. Samsu ya gyara tsayuwa ya yi bayani da Larabcin nahawu cewa shi daga Filifin yake, tsibirai ne a gabas. Sojan ya saurara har ƙarshe, ya kira abokinsa ya ce, "Zo ka ji ɗan Sin yana karatu." Fasinjoji suna leƙowa ta taga suna harararmu, kamar mu muka kafa shingen.

A Wad Madani aka tsaya cin abinci. Nan na fara ganin halin mutanen ƙasar. Ba za ka wuce mai cin abinci ba sai ya ce, "Faddal!" A wurinmu in an ce maka bisimilla, ka ce alhamdulillahi, an gama. A can sai an kamo hannunka an zaunar da kai. Muka ci ful, waken da aka dafa ya yi laushi aka malala masa man riɗi, da burodi, mu da wasu mutane da ba mu taɓa gani ba, a kwano ɗaya. Samsu ya tambaya a hankali ko akwai shinkafa. Shi in bai ci shinkafa ba, to bai ci abinci ba ranar. Aka ce masa shinkafa ai ta marar lafiya ce.

A nan kuma na ga nasa halin a fili. Samsu ba ya cewa a'a. Ya ce a garinsu ƙin abu a gaban mai shi kamar marinsa ne. Sai dai ka yi murmushi ka ce za mu gani, daga baya ka aika wani ya faɗa. Wani tsoho da ke kusa da shi a mota ya miƙo masa garin taba irin na sawa a leɓe. Ya karɓa, ya yi godiya, ya sa. Kafin mu kai Fao fuskarsa ta koma kalar ganyen kuka, kansa a kafaɗata, yana ta cewa, "Lafiya lau, lafiya lau." Tsohon ya ƙara miƙo masa. Ni na ce a'a a madadinsa.

Mun shiga Gadarif da la'asar. Ba labule, ba iska. Baƙar ƙasa ce ta tsattsage, da manyan motoci cike da buhuna, da jakuna suna jan gangar ruwa. Muka sauka a lokanda, masaukin 'yan kasuwa. Na tambayi ɗaki, mai wurin ya nuna mini fili, gadajen igiya a jere kamar asibiti, kowa ya ɗaure jakarsa a ƙafar gado. Ruwa a garin nan abu ne mai daraja. Buta ɗaya aka ba mu, aka ce ta alwala ce, wanka kuma sai gobe in jakin ya zo. Na kwanta ina kallon sama, ina tunanin a littafi da yanzu wata ta aiko da ƙanwarta da kwanon fura.

Da safe muka shiga kasuwar hatsi neman motar Fashaga. Ina cikin tambaya sai na ji wata murya a bayana tana cewa, "La, ya zol, wannan riɗin ba na wasa ba ne, ka sa hannu ka ji!" Hausa ce, amma ta sha Larabci. Na juya na yi sallama da Hausa. Wani dattijo ƙato, mai rawani kamar tulu, ya saki buhun da ke hannunsa.

"Kai ɗan ina?"

"Ɗan Kano, Baba."

"Kano ta can? Ta ainihi?"

Ya rungume ni har na ji ƙashin bayana. Haj Abbakar ke nan. Kakansa ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya a Gadarif ya yi noman damina ɗaya don ya sami guzuri. Har yau jikokinsa suna noman daminar. Haj bai taɓa ganin Najeriya ba, amma ya tambaye ni ko har yanzu ana rini a Ƙofar Mata, kamar jiya ya baro. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya yi dariya. Ai shi yana da gona a Fashaga, masu yankan riɗin nasa suna can birjik, motarsa ma tana zuwa. Na dubi Samsu, Samsu ya dube ni. Na ce a raina, to, yanzu littafin ya fara.

Bai tambaye mu ba ya aika aka kwaso kayanmu daga lokanda. Aka sauke mu a diwan, babban ɗakin baƙi na ƙofar gida. Kafin azahar an yanka rago. Aka kawo kisra, wata siririyar wainar dawa mai tsami, da miyar kuɓewa, da gasasshen nama, maƙwabta suka cika ɗakin suna kallon ɗan Kano da ɗan Sin. Bayan an sha gahawa na ce, "Baba, mun gode. Gobe da sassafe za mu bi motar gona."

"Gobe? Ranar Juma'a sunan jikana, ɗan babban ɗana. Allah ya kawo mini mutum daga ƙasar kakana a makon suna, sannan ya tafi? La, la, la."

"Baba, takardarmu ranar Alhamis take ƙarewa."

Ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannun dama. "Alayya ɗalag! Ba za ku bar Gadarif ba sai an raɗa wa yaron nan suna!"

Can cikin gida na ji faranti ya faɗi. Ni dariya na yi, don na san ma'anar kalmar, wato ya rantse da sakin matarsa, amma na zaci salon magana ne. Samsu kuwa ya yi murmushi ya ce, "Shukran." Ku ji fa, godiya ya yi.

Washegari na fara yawo. Na je ofishin tsaro in roƙi ƙarin kwana, aka ce abin da Khartum ta rubuta Khartum ce take gyarawa. Na tambayi direban Haj ko za a je Fashaga a dawo a yini ɗaya, ya ce hanyar bayan damina yini guda take ci zuwa kawai. Sai na tafi wurin limamin unguwa, wani tsoho siriri mai magana a hankali. Na ce masa na ji alƙalan gwamnati ba sa ɗaukar irin wannan rantsuwa a matsayin saki.

"Alƙalan gwamnati," in ji shi, "ba su suka ɗaura auren ba. Mu nan a kan abin da muka samu iyayenmu muke. In kun taka wajen gari kafin suna, ta saku."

"To ai sai ya mayar da ita, Malam."

Ya dube ni. "Ɗan nan, sau biyu ya riga ya mayar. Ta farko wani baƙo daga Sinnar ya gudu kafin a gama gasa rago. Ta biyu a kan tayar tarakta ce. Igiya ɗaya ta rage."

Na dawo diwan ina huci. A Kano in mutum yana son ka kwana, roƙonka yake yi, in ka ƙi ya raka ka bakin titi. Ban taɓa ganin inda ake garkuwa da baƙo da auren shekara talatin ba. Kuma abin haushin, gata ake yi mana. Kowane gida a layin sai ya kira mu. Karin kumallo nan, na hantsi can, gahawa a gida na uku, mai zafi da citta, kuma ba ka tashi sai ka sha kofi uku. In na ce na ƙoshi, mai gidan ya fara ɗaga hannun dama, sai in yi sauri in cusa loma. Samsu yana ta murmushi yana ta ramewa. In muka koma diwan sai ya zauna bakin taga yana kallon motocin da ke wucewa gabas, leburori a saman kaya da laujensu a ɗaure da tsumma.

Abu ɗaya ne ya riƙe ni a kwanakin nan, wani hannu. Tsakanin diwan da cikin gida akwai ƙaramar ƙofa, ta nan ake miƙo tire. Ba ka ganin kowa sai hannu, ya sha baƙin lalle mai zanen furanni har wuyan hannu, ga wani ƙamshin turaren itace da ke biyo shi. Na ba ta suna a raina. Na yi mata idanu, na yi mata murya, na shirya yadda mahaifinta zai ƙi da farko sannan ya yarda. Har baiti biyu na tsara.

Ranar Talata da yamma Samsu ya ce, "Gobe da safe motar gona za ta tashi. Ita ce ta ƙarshe da za ta yi mana amfani."

"Na sani. Ka je ka gaya masa ba za ka zauna ba!"

"Za mu gani," in ji shi. Na ji kamar in shaƙe shi. Sai ya ce, "Ɗan'uwa, ka tambayi liman, ka tambayi jami'i, ka tambayi direba. Akwai wadda ba a tambaya ba. A littattafanmu ma haka ne, manya biyu su yi yarjejeniya a kan tsibiri, ba mai tambayar mutanen tsibirin. Mu an taɓa sayar da mu haka, daga hannu zuwa hannu, muna zaune. Ka je ka tambayar mini matar gidan me take so."

Na sa rigata mai kyau, na fesa turare, don na san sai na bi ta ƙaramar ƙofar nan. Na ƙwanƙwasa na ce ina neman iso wurin Hajja. Hannun ya buɗe ƙofar. Na bi shi da kallo zuwa sama, sai ga tsohuwa mai furfura a gefen lulluɓi, ta girmi mahaifiyata, tana dubana kamar mai duba tumatir a kasuwa.

"Ni ce Hajja Sa'adiyya. Me kake kallo a hannuna, ya waladi, ɗan nan?"

Daga baya na ji cewa a Sudan budurwa ba ta lalle, ba ta turaren jiki, wannan adon matan aure ne. Ba wanda ya gaya mini. Baitocin nan biyu har yau ban yafe musu ba.

Ta zaunar da ni a kan 'yar kujera kusa da murhu, tana soya gahawa. Na isar da saƙon Samsu. Ta ɗago kai.

"Shi ɗan Sin ɗin ya ce a tambaye ni?"

"Ɗan Filifin ne, Hajja."

"Ko ɗan ina ne. Shekara talatin da wani abu, shi ne na farko da ya tambaye ni." Ta juya gahawar. "Ka ce masa in karatunsa zai lalace, ya tafi. Ɗana yana da ɗaki a gidansa. Ba zan ce ba zan ji ciwo ba. Mutumin nan ba mugu ba ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba, ranar da na yi ciwo a kafaɗa ya ɗauke ni zuwa asibiti. Bakinsa ne ba linzami. Amma na gaji. A kasuwa ni, a gona ni, a kan kofin shayi ni. Ina tuƙa tuwo sai in ji an rantse da ni a waje, in tsaya da muciya a hannu ina jiran in ji ko ina da aure ko ba ni da shi. Ka tambaye ni me nake so? In tuƙa tuwona in gama."

Na koma na faɗa wa Samsu, kalma da kalma. Ni a raina na riga na ga ƙarshen, irin na littafi. Zai miƙe, hawaye a idonsa, ya ce ya sadaukar da karatunsa saboda soyayya. Bai yi ko ɗaya ba. Ya zauna yana murza yatsun ƙafarsa, sannan ya ce, "Ƙaramar ƙasa ba ta iya ce wa babba a'a. Amma in dole ta ce to, sai ta sa wa to ɗin farashi. Ka je wurin Baba. Ka ce zan zauna har suna da farin ciki. Ka ce baƙonsa yana roƙon kyauta ɗaya."

Na sami Haj a ƙofar gida yana duba ragunan suna. Da ya ji baƙo yana roƙon kyauta sai fuskarsa ta washe. "Ya faɗa! Ko motar ce ya ɗauka. A gaban mutanen nan na ce na ba shi, ko mene ne."

"Baba, cewa ya yi ranar suna ka dafa Alƙur'ani a gaban liman, ka yi alkawari ba za ka sake rantsuwa da auren Hajja ba."

Maƙwabtan da ke wurin suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu suna rawa. Haj ya juyo gare ni.

"Wannan ɗan Sin ɗin lauya ne? To da me zan riƙe baƙo? Da me zan sayar da riɗi? Wa zai yarda da maganata a kasuwa?"

"Ka riga ka ce ka ba shi, Haj," in ji wani daga gefe.

"Na san na ce! Kai wa ya tambaye ka?"

Laraba da safe motar gona ta tashi ba mu. Samsu bai je taga ba ranar. Alhamis ta zo ta wuce. Juma'a bayan an raɗa suna, an ci, an sha, liman ya miƙo Alƙur'ani, Haj ya dafa, gumi yana tsiyaya daga ƙarƙashin rawaninsa, ya faɗi alkawarin da murya kamar ana cire masa haƙori. Daga cikin gida wata ta rangaɗa guɗa. Maza suka yi kamar ta suna ce.

Asabar da asuba Haj ya ce mu hau mota, shi da kansa zai kai mu. Na tuna masa takardar ta mutu. Ya ce, "Takarda? Hanyar nan tun kafin a haifi sojojin nake bin ta. Kowa ya san ni."

Hanyar ta girgiza mana hanji. Gonaki ne iya ganinka, dawa a tsaye, riɗi an yanke an jingina dami-dami. Da rana ta karkata muka iso shingen ƙarshe, kusa da kogi. Igiya ce kawai aka ɗaura tsakanin ganga biyu, da rumfar ciyawa. Haj ya nuna da hannu ya ce daga ƙetaren ruwan Fashaga ce, tsaunukan can masu shuɗi kuma Habasha. Samsu ya sauko da jakarsa ya tsaya yana kallo. A ɗaya gefen igiyar wata mota ta tsaya cike da masu yankan riɗi, wasu sun sauko suna shan ruwa, wata mata a cikinsu tana gyara ɗaurin ƙullin kayanta. Da ka ɗaga murya za su ji ka.

Jami'in saurayi ne, ya san Haj, har ya gaishe shi da hannu biyu. Ya duba takardar ya ce, "Haj, ta ƙare shekaranjiya."

"Ya waladi, baƙina ne. Kwana biyu kawai."

"Haj, ka san yadda abin yake yanzu. In aka tambaye ni me zan ce?"

Bai miƙo takardar ba, bai kuma ce mu juya ba. Ya tsaya yana kallon Haj, kamar mai jiran wani abu. Direba ya matso kusa da kunnena ya ce, "Jira yake Haj ya rantse. In ya rantse, sai ya ce wa manyansa dole aka yi masa, ba zai kashe auren dattijo a kan kwana biyu ba. Kullum haka muke wucewa."

Haj ma ya sani. Na ga hannun damansa ya fara tashi da kansa. Ya kai kafaɗa. Bakinsa ya buɗe, har na ji farkon kalmar. Ya dubi igiyar, ya dubi Samsu. Ni kuwa, Allah ya sani, a raina cewa nake, faɗi mana, Baba, sau ɗaya dai, ai in an bar mu mun wuce ba abin da zai sami auren.

Samsu ya sunkuya ya ɗauki jakarsa. Ya yi wa jami'in godiya da Larabcinsa na huɗuba, ya juya ya hau bayan mota ya zauna, fuskarsa tana kallon hanyar da muka fito.

Hannun Haj ya daɗe a sama. Sannan ya sauke shi a hankali ya sosa gemu da shi. "La haula wa la ƙuwwata," ya ce. Ya juya kan direba. "Kai kuma me kake jira? Juya motar!"

Abin da muka gani na iyaka ke nan, igiya da ganga biyu. Samsu ya koma Khartum ba maganar lebura ko ɗaya a hannunsa. Dakta ya ce sharaɗi sharaɗi ne. Ya rubuta kundinsa a kan manyan ƙasashe kamar kowa, ya ci, Filifin ta fito a shafi ɗaya. Ranar kuwa na yi masa faɗa a hanyar komawa Gadarif har muryata ta dushe, na ce rantsuwa ɗaya ce ta rage tsakaninsa da abin da ya baro ƙasarsu dominsa. Ya ce, "Da na bari ya faɗa, da na zama babbar ƙasa."

A wani ƙauye muka kwana, muka iso Gadarif da hantsi, duk mun yi baƙi da ƙura. Haj ya wuce diwan ba ya kula kowa. Ƙaramar ƙofar ta buɗe, Hajja ta leƙo, ta ga mu uku mun dawo tare. Ta yafito ni.

"Ba a bar ku kun wuce ba?"

"Ba a bar mu ba, Hajja."

"Ya yi?"

"Bai yi ba. Hannun ya tashi, amma bai yi ba."

Na tsaya ina jiran hawaye, ko addu'a mai tsawo, ko ta kira Samsu ta sa masa albarka. Ta dube shi can inda yake kakkaɓe wandonsa, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta gyara lulluɓinta ta ce, "To, ku wanke hannu. Tuwon ya nuna."